Atamfar da Na Saya a Jimeta

Tun da na dawo daga Garwa ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyarwa a Bukan Sidi, nan Lafia, malamai sun tasa ni gaba, a majalisarmu ta bakin shagon mai gyaran waya kuwa har an fara kirana Musiye, wato malam da Faransanci. Wani ya ce da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu? Wani kuma ya ji wai jandarmomi sun tsare ni. Na ga in na ci gaba da ba da labarin gutsi-gutsi, zai koma abin da ban faɗa ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Sai dai a yi mini uzuri. 'Yan kwanaki na yi, gida ɗaya na sauka, don haka duk inda na ce mutanen can suna kaza, a ɗauka waɗanda na gani nake nufi.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Yayata Binta, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana da 'yar fari, Habiba, 'yar shekara goma sha shida. A hutun Disamba ƙanwar mijin Yaya, Goggo Hajara, da ke aure a Garwa ta ƙasar Kamaru, ta haihu bayan ta shekara da shekaru tana jira. Aka tura Habiba ta taya ta zaman jego, a kan da an yi arba'in ta dawo ta koma makaranta. Arba'in ya wuce, aka koma makaranta, zango ya yi nisa, shiru. Sai Goggo ta bugo wa yayanta Malam Idi waya, ta ce a bar mata yarinyar, za ta sa ta a makaranta a can. Malam Idi ya ce zai yi shawara. Ya kasa ce wa ƙanwarsa a'a, ya kuma kasa ce mata to.

Wadda za a yi shawarar da ita kuwa ba za ta yi magana ba. A gidanmu har yanzu ana kunyar ɗan fari. Tun da aka haifi Habiba ban taɓa jin Yaya ta kira sunanta ba, sai dai "waccan" ko "ke". Ba ta yaba ta a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarta, in an bugo waya daga Garwa sai ta tuna akwai tukunya a wuta. Ita ma Habiba ba ta ce mata Mama, Yaya take ce mata yadda ta ji ina faɗa. Amma duk wanda ya shiga gidan a watannin nan ya ga Yaya ta rame. Malam Idi ya ce mini barci ya ƙaurace mata, maganin hawan jinin ma an ƙara mata.

Wata Juma'a, ana saura kaɗan a fara azumi, ya kira ni.

"Sani, kai ka karanta labarin ƙasa a jami'a. Ka kai wa Hajara kayan barka, ka ga yadda suke."

"In taho da Habiba ne, Malam?"

"Ka dai ga yadda suke."

Ni mutum ne mai son a faɗa mini abu filla-filla. Na shiga wajen Yaya, na same ta tana ɗaure buhu.

"Yaya, in taho da ita?"

"Wa?"

"Habiba."

"Ka riƙe galan ɗin manjan nan a tsaye, murfinsa ba shi da kirki."

Ta nuna mini kayan ɗaya bayan ɗaya: doyar Assakio, riɗin Doma, garin rogo, kayan jariri, turmin atamfa na mai jego, hula ta maigidan. Ta ɗaure bakin buhun, ta ce, "Abin da na ba ka ke nan. Shi za ka kai." A lokacin na ɗauka gargaɗi take yi mini kada in zubar da wani abu a hanya.

Labarin ƙasar da na karanta duk a kan takarda ne, ban taɓa wuce iyakar Najeriya ba. Saboda haka na yi shiri irin na mai tsoro. Ban da fasfo da katin rigakafi, na ɗauki takardar digiri, da ta bautar ƙasa, da ta haihuwa, kowacce da kwafinta. Na haddace gaisuwar Faransanci a waya. Da sassafe na shiga ƙaramar bas mai bi ta Shendam zuwa Ibi, galan ɗin manja a tsakanin ƙafafuna.

Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar Eggon, Mama Ladi, mai zuwa sarin busasshen kifi. Kafin mu yi nisa ta san sunana da aikina da dalilin da ya hana ni aure, wanda ni kaina ban gama saninsa ba. A Ibi babu gada. Motoci ake ɗorawa a kan manyan jiragen katako, a shimfiɗa katakai biyu direba ya hau a kansu, tayoyi na rawa. Na tambayi direbanmu ko akwai rigar ruwa.

"Oga Tica, ba wahala," in ji shi. "Ruwan nan ba ya cin mai digiri."

Ban iya iyo ba. Na zauna a tsakiyar jirgin na rungume galan. Mama Ladi, watakila don ta ɗauke mini hankali daga ruwan, ta ce in faɗa mata abin da ke cikin buhu. Na lissafa mata.

"To na yarinya fa?"

"Babu nata."

"Babu? Uwa bai aika masa ko zani ba? Sallah yana zuwa fa."

Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai.

"Ku da kunyan ku. Ni in yarona ya je ko Akwanga ne, zan yi kuka duk unguwa ya ji. Yarinya zai duba buhu, kowa da nasa, shi babu. Me zai ce a zuciyan shi?"

Muka rabu a bakin ruwa, ta saya mini kifi ɗaya ta ce in ci in yi ƙiba. Amma maganarta ta bi ni. Ta bi ni har Wukari, inda na ci sakwara da miyar da ban san sunanta ba, ta bi ni har Jalingo, inda na kwana a wani masauki kusa da tasha. Sakatar ɗakin ta karye, sai na jingina buhun doya a ƙofa. Da safe na ga galan ɗin ya kwanta, manja ya sami farar shaddata da kwafin takardar bautar ƙasa. Yaya ta yi gaskiya a kan murfin.

Daga Jalingo zuwa Yola abu ɗaya nake juyawa a rai. Watakila Yaya ta manta. Watakila kuɗi ne suka gaza. Watakila kuma kunya ce ta hana ta saka kayan a gabana. Na buga mata waya don in tambaya, ta ɗauka ta ce, "Ka riƙa shan ruwa, an ce can da zafi." Na rasa ta inda zan fara, domin ce wa babba ta yi mantuwa ba ƙaramin abu ba ne. Na ce to, na kashe.

A kasuwar Jimeta, cikin Yola, na yanke shawara. A ganina abin alheri ne, kuma babu wanda zai cutu. Na shiga rumfar wani mai atamfa na ce ina son turmi na budurwa. Ya zaro wata ruwan goro mai manyan furanni, ya rantse ita ake yayi. Ban san atamfa ba. Na saya, na cire ta daga ledar shagon, na tura ta ƙasan buhu kusa da ta mai jego, raina ya yi sanyi.

Hanyar kan iyaka ta Belel ba zan yabe ta ba, ba kuma zan zage ta ba, tunda ta kai ni. Wata tsohuwar mota ce, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, da wani yana zaune a kan buhuna a but. Mafi yawan fasinjojin Fillanci suke yi. Daga nan na fara lura Hausata, wadda nake taƙama da ita a Lafia a tsakanin Alago da Eggon da Tibi, ta koma ta biyu. Ana jin ta, ana amsa mini, amma da an juya sai a koma Fillanci.

A ofishin iyaka na ɓangaren Kamaru na tsaya a gaban wani jami'i, na haɗa duk abin da na haddace na ce, "Bonjur, musiye." Ya ɗago ya dube ni, ya dubi shaddata mai manja, ya dubi tulin takardun da na shimfiɗa masa. Ya zare fasfo da katin rigakafi, ya turo mini sauran.

"Malam, aiki ka zo nema ne?"

Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya ce ya taɓa jin labarin doyar Lafia, na ce ga ta nan a buhu. Ya buga hatimi ya ce in gaida mai jego. Wannan shi ne tsarewar da ake cewa jandarmomi sun yi mini. A wajen 'yan canji kuma na miƙa damin naira, aka ba ni 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Na tsaya ina jiran saura, mai canjin ya ce, "Shi ke nan, Alhaji, Allah ya kiyaye hanya."

Garwa gari ne mai zafi. Na ɗauka mu 'yan Lafia mun san zafi, ashe ƙaninsa muka sani. Babura sun fi motoci yawa, kuma ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya ɗora buhun a gabansa kamar ba komai. Mijin Goggo, Alhaji Bobbo, Bafulatani ne dogo, mai sayar da kayan gini, mai dariya da dukan jikinsa. Ya tarbe ni a ƙofar gida da "Jabbama", ya koya mini in amsa gaisuwa da "Jam", ya ce da wannan kalma ɗaya zan iya zama a garin har shekara.

Abin da ya fara ba ni mamaki ba a titi na gan shi ba, a tsakar gidan ne. Goggo Hajara, wadda aka haifa aka raina a Lafia, tana zaune da jaririnta na fari, tana kiran sunansa da ƙarfi, "Aminu, Aminuna," tana sumbatarsa a gaban mijinta da baƙo. Na sunkuyar da kai. Ta lura.

"Kawun yara, ɗago kanka. Na jira shi da yawa, ba ni da lokacin kunya."

Sai ga Habiba ta fito daga kicin. Ta ƙara tsawo, ta yi duhu kaɗan. Ta durƙusa ta gaishe ni, amma idonta na kan buhun. Wasu 'yan mata maƙwabta biyu suka shigo, kowacce ta haɗa kumatu da ita dama da hagu suna wata 'yar ƙara da baki. Bizu suke ce masa. Na ga har manyan mata suna yi, ban dai ga maza ba, ko da yake an ce wasu na yi. Na yi ƙoƙarin hango Yaya Binta tana bizu, na kasa.

Bayan na ci abinci aka kwance buhu. Goggo ta yi murnar doya, ta shinshina manjan da ya rage, ta gwada wa Aminu kayan jariri. Da aka zo ƙasa ta zaro atamfa ruwan goro.

"Wannan fa?"

"Ta Habiba ce. Ta Sallah."

"In ji Binta?"

Ba na son ƙarya, ba na kuma son in tona asirin mantuwar Yaya. Na ce, "Daga gida dai."

Fuskar Goggo ta washe. "Alhamdu lillahi. Binta ta yarda ke nan. Alhaji, ka ji? Gobe sai ka je ka ga shugaban makarantar nan."

Habiba ta karɓi atamfar da hannu biyu, ta ce ta gode, ta shiga ɗaki. Ni kuwa na ga kamar akwai abin da bai yi daidai ba, amma ban gane mene ne ba. Na ce watakila zafin garin ne.

Da safe aka kawo burodin da ake tambayata. Gaskiya ne, ya kai tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsu, har ya ɗan fi. Bayansa da tauri, cikinsa da laushi, ana tsaga shi a zuba wake ko taliya, wani lokaci duka biyun. Da farko na ga abin kamar wasa, taliya a cikin burodi, amma na ci biyu. Habiba ce ta kawo mini shayi. Idanunta sun kumbura. Ta ajiye kofin ba ta tafi ba.

"Kawu, me Yaya ta ce?"

"Ta ce in riƙe manja a tsaye."

"Ba ta ce komai a kaina ba?"

"Kin san Yaya."

"Na san ta, shi ya sa." Ta zauna a bakin tabarma. "Tun ina ƙarama ba ta taɓa ba ni kayan Sallah hannu da hannu ba. Sai dai in shiga ɗaki in gan su a kan gadona, in saka in fito, ta dube ni ta ce wa ya ba ki wannan. Tun da aka ce kana hanya nake addu'a kada a ga kayana a buhun nan. In babu, to suna can a kan gado suna jirana. Goggo ma ta san haka. Tunda ta aiko da su, ta ce in yi Sallah a nan ke nan. In zauna."

Na ajiye burodin. Maganar Yaya ta dawo mini kamar yanzu take faɗa: abin da na ba ka ke nan, shi za ka kai. Ashe saƙon da na yi ta roƙo a ba ni da baki yana cikin buhun, kuma ni na goge shi da hannuna a kasuwar Jimeta.

"Habiba, ni na sayi atamfar nan."

Ta dube ni ta daɗe.

"Yaya ba ta sa komai naki ba. Na ɗauka mantuwa ce."

Ta rufe fuska da gyale. Na zaci kuka take yi, kuma kukan take yi, amma da dariya a ciki.

"Wallahi Kawu na yi mamaki. Yaya ta tsani ruwan goro. Ta ce kamar labulen otal."

Saura Goggo. Wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin matar da ta kwana tana murna zan je in ce wa murnar kuskure ce. Alhaji Bobbo ya ɗauke ni a motarsa don ya nuna mini gari kafin ya wuce makarantar. Ya kai ni kasuwa, inda na ga tulin yakuwa da suke miya da ita da gyaɗa, mai tsami, na ci daga baya ban ƙi ba. Ya kai ni gada, ya nuna mini dorina biyu a cikin ruwa, kunnuwa da hanci kawai ake gani. Ya ce wannan kogin shi ne na Yola, shi ne kuma wanda na haye a Ibi. Na san haka a taswira, har na sha zana wa ɗalibai a allo, amma tsayawa a kansa daban ne. Na yi godiya da ban san da dorina a kogin ba ranar da nake rungume da galan.

A kan gadar na faɗa masa. Ya riƙe ƙarfen gada ya yi dariya har hularsa ta kusa faɗawa ruwa.

"Malam Sani, kunyar nan ai mu Fulani muka fi ku. Mahaifiyata har ta rasu ba ta kira sunan babban yayana ba. Amma ran da zai dawo daga kiwo, tun safe take share inda zai kwanta, ta ce kaji ne suka ɓata wurin." Ya share ido. "Makaranta ta jira. Ka bari Hajara ta ci abincin rana, sannan ka faɗa mata. Ni zan zauna kusa da ƙofa, in ta ɗauki muciya mu gudu tare."

Ba ta ɗauki muciya ba. Na yi bayanina da dogon gabatarwa, ta katse ni.

"Wato Binta ba ta aiko mata da ko ɗankwali ba."

"Ko ɗankwali, Goggo."

Ta jijjiga Aminu. "Da ta faɗa mini da baki, ai da ban riƙe ta ba."

"Ba za ta iya ba."

"Na sani. Gida ɗaya muka zauna da ita kafin a kawo ni nan." Ta gyara wa jaririn hula. "Yarinyar nan ta yi mini abin da ba zan iya biya ba. Na saba da ita, Aminu ya saba da bayanta. Na so in ce ban gane ba, in riƙe atamfar nan a matsayin amsa, kuma ba wanda zai ce na yi laifi."

Gaskiya ta faɗa. Sai ta ci gaba.

"Shekaranjiya Alhaji ya fita da Aminu ƙofar gida wajen abokansa. Bai daɗe ba, amma na kasa zama, ina ta leƙe ta katanga. Ƙofar gida fa." Ta ɗaga murya. "Habiba, zo ki fara haɗa kayanki." Sannan ta juyo gare ni. "Atamfar kuma tawa ce. Tara ce na ci ka."

Na ce na amince da hukuncin.

Dawowa ta fi tafiya sauƙi, ko don Habiba ce ke jan ragama. Ita ta yi cinikin mota da Fillanci, ita ta gaisa da jami'an iyaka, a Yola muka kwana gidan wani abokin cinikin Alhaji. A jirgin Ibi ta zauna a gefe tana taɓa ruwa da hannu, ni ina tsakiya ina ce mata akwai dorina. Na duba ko zan ga Mama Ladi ban gan ta ba. Da na gan ta ban san abin da zan ce mata ba, domin ba ta yi kuskure ba a kan abin da yarinya ke ji. Gidan ne ba ta sani ba, ni kuwa da na tashi a cikinsa ba ni da wannan uzurin.

Tun daga Jalingo na sanar da Malam Idi. Ya ce ya faɗa wa Yaya, ta ce, "To."

Bayan la'asar muka shiga gida. Ƙannen Habiba suka yi kanta da ihu. Yaya tana zaune a kan tabarma a gindin mangwaro, faranti a cinya, tana tsince shinkafa. Ba ta tashi ba.

"Sannu da hanya, Sani."

Habiba ta durƙusa a gabanta. "Yaya, ina wuni."

"Lafiya." Idonta na kan shinkafa. Sai ta ce da ni, "Ba a ba mutane abinci ne a can?"

"Ana ba su, Yaya. Tsawo ta yi."

"Akwai faten doya a kicin, in akwai mai so. Yawa ya yi mini."

A iya sanina mutum ɗaya ne a gidan yake son faten doya, kuma tukunyar da na gani ta isa gidan biki. Habiba ta shiga ɗakinsu da jaka, ta fito da sauri ta kira ni da hannu. A kan gadon akwai riga da zani da ɗankwali, shuɗi mai ƙananan zane, an ɗinka an goge. Ƙasan rigar kawai ba a kalmashe ba, an bar shi da tsawo an riƙe da fil.

Muka fito. Na zauna ina ba Malam Idi labarin hanya, Habiba na cin fate a gefen tabarma, ba kusa da Yaya sosai ba, ba kuma nesa ba. Da na zo kan atamfa na so in tsallake, Habiba ta ƙi. Yaya ta saurara ba ta ɗago ba.

"Wane launi?"

"Ruwan goro."

"Allah ya ƙara. Wa ya aike ka?"

Na ci gaba da labarin gada da dorina. Ina cikin bayanin yadda kogin ya taso daga Kamaru, Malam Idi ya ɗaga mini hannu. Na waiwaya. Yaya ta jingina da mangwaro, kanta ya karkata, barci ya ɗauke ta da rana a tsakiyar hayaniyar yara, farantin yana shirin zamewa daga cinyarta.

"Ku bar ta," in ji shi a hankali. "Rabon da in ga haka tun Disamba."

Habiba ta matsa ta zare farantin a hankali. Yaya ta motsa, ba ta buɗe ido ba, hannunta ya sauka a kan ƙafar yarinyar ya tsaya a nan. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, kalma ɗaya, mai kama da suna.

Ba zan rantse a kan abin da na ji ba. Yara na surutu, akwai janareta a maƙwabta, kuma in aka tambayi Yaya na san abin da za ta ce. Amma na dubi Habiba, na ga ta ƙame da faranti a hannu, ta ƙi motsa ƙafar. A haka ta tsince sauran shinkafar, har aka kira magariba.